Wasannin Sake Jiki a Taron Matasan Zango

Na daɗe ina shirya taron matasa a unguwannin Aboabo da Asawase nan Kumasi, ƙasar Gana, bayan Sallah ko lokacin hutun makaranta. Babban abin da na koya shi ne kada a buɗe taro da wasan da ake fitar da mutum. Yaron da aka fitar tun farko, balle baƙo, gefe zai koma ya ciro waya, kuma ka rasa shi ke nan har a tashi.

Da wasan suna nake farawa. A yi da'ira ta mutum 10 zuwa 12. In sun kai 40, a kasa su huɗu. Ana jefa ƙwallon tsumma, wanda ya cafe ya faɗi sunansa da unguwarsu. A zagaye na biyu, mai jefawa ne zai kira sunan wanda zai jefa wa. Ƙwallon roba ba ta yi, tsalle take ta bar fili, rabin lokaci ya tafi wajen binta. In da'ira ta haura 15, jira yana yawa, surutu ya shigo. Minti 7 ya isa.

Wajen raba ƙungiya, kada a bar su su zaɓi juna. Nan take 'yan layi ɗaya za su dunƙule, masu jin Dagbanci (yaren Dagomba) su ware, masu Tuwi (yaren Ashanti) su ware. Ƙirga nake sa su yi, ɗaya zuwa huɗu, kowa ya bi lambarsa. Dokar wasa kuwa a faɗe ta da Hausa da Tuwi, sannan mutum biyu su gwada a gani, don gwaji ya fi dogon bayani shiga kai.

Wanda ya fi haɗa kan mutane a wurina shi ne kacici-kacici. Kowace ƙungiya ta jefo nata, sauran suna da daƙiƙa 30 su yi shawara. "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya": tsintsiya. "Baba na ɗaka, gemu na waje": wuta da hayaƙi. In suka kasa, sai su ba da gari kamar yadda kakanninmu suke yi kafin a faɗi amsa. Nan ake dariya, wani ya ba da Tamale a ƙi karɓa, sai ya ba da Makka. Dole a sa doka cewa ba mai amsawa sau biyu a jere, in ba haka ba masu baki biyu ko uku za su cinye wasan. Jagora ya tanadi kamar 15 a takarda, domin yaran yanzu nasu yakan ƙare da wuri.

Wasan motsa jiki sai an saba, kuma maza daban, mata daban. Iyaye sun fi sakin 'ya'yansu in sun san haka ake yi. Mata su yi ampe, wato wasan tsalle da tafi, maza su yi langa. Langa a kan siminti ko tsakuwa ba na yarda da ita, gwiwa take fasawa. A nemi yashi. Masu kunya da marasa ƙarfin tsalle a aje musu allon oware biyu a inuwa, wato wasan zuba ƙwaya a ramuka, kowane allo rami 12, ƙwaya huɗu-huɗu, 48 ke nan. A ƙirga ƙwayoyin kafin a fara, don in ɗaya ta ɓace gardama za ta tashi.

Ruwan leda, jaka ɗaya guda 30 ne a ciki, ina lissafin biyu ga kowane mutum. Ana idar da La'asar nake farawa, domin a nan wajen ƙarfe shida rana take faɗuwa duk shekara. Saura minti 20 a kira Magariba nake tsayar da wasa ko da yana kan daɗi, a tsince ledoji, a samu yin alwala.