'Yar takardar da ke gindin ganye: darasi daga tafiyar Hooker a duwatsun Sikkim

Wanda ya karanci ilimin tsirrai ya san ɗakin da ake adana busassun ganyaye, wanda masana ke kira habariyam. Kabad-kabad ne a jere, cike da fallayen takarda mai kauri, tsawon kowace kusan santimita 42. An manna reshe da furensa a kai, can ƙasa a kusurwa kuma ga 'yar takarda ɗauke da bayani. Idon sabon ɗalibi kan ganyen yake tsayawa. Sai aiki ya yi nisa ake gane cewa rabin darajar samfurin tana cikin 'yar takardar nan, kuma kayan da Joseph Hooker, masanin tsirrai ɗan Ingila, ya kwaso daga duwatsun Himalaya suna nuna haka ƙarara.

Hooker ya isa Darjiling, gari a gindin Himalaya a Indiya, a 1848, lokacin Turawan Ingila na riƙe da garin. Mahaifinsa ne shugaban lambun Kew da ke Landan, can kuma kayan za su. A watan Oktoba na wannan shekara ya shiga gabashin Nefal da ayarin mutum 56. A Mayun 1849 ya nufi arewacin Sikkim, ƙaramar masarauta a lokacin da ke arewa da Darjiling, har bakin iyakar Tibet, ya ratsa mashigai da tsayinsu ya haura mita 5,000.

Mutum 56 don tsinkar ganye? Ban da shinkafa da tanti, kayan da ya fi cin kan 'yan dako a irin wannan tafiya takarda ce. Abin matse ganye ba shi da wuyar haɗawa: firam biyu na katako masu tagogi kamar raga, kimanin santimita 30 da 45, sai igiya ko ɗamara biyu. A shimfiɗa reshe cikin ninkakkiyar takarda, a sa takardu masu shan ruwa sama da ƙasa, a ɗora wani, har tarin ya kai kamu biyu, sannan a ɗaure tamau. Reshe ɗaya yakan ci takarda da yawa, kuma kowane tsiro ana ɗibar kwafi da dama don raba wa ɗakunan adana daban-daban. Duk takardar da ke cikin matsi tana bukatar busasshiyar 'yar'uwarta da za ta canje ta gobe.

A nan wahalar take. Yawancin tsirran saman dutse suna fure ne daga Yuni zuwa Agusta, daidai lokacin da damina ta kankama a Sikkim. Ranar da aka fi samun fure ita ce ranar da babu rana. Ɗanyen ganye kusan duk ruwa ne; takarda ta tsotse, amma in iska ma jiƙe take, ruwan ba shi da inda za shi. A kwanaki uku ko huɗu na farko dole a kwance matsi kullum, a zare jiƙaƙƙun takardu, a sa busassu, a ƙara ɗaure igiya domin tarin yana saɓulewa yayin da ganye ke motsewa. A tsallake kwana biyu, ganye ya yi baƙi, fumfuna ta kama shi, fure ya narke ya manne da takarda. Wanda ya yi baƙi bai da magani.

Wuta ce mafita, amma ita ma da sharaɗi. Takardun ake shanyawa kusa da wuta, matsin kuma a jingine shi ta gefe yadda ɗumi zai bi ta tsakanin fallaye. Zafin da ake so bai wuce digiri 35 zuwa 45 ba. In ya zarce, ganyen dahuwa yake yi, ya yi ja, ya riƙa karyewa kamar ƙanzo. Daga wajen mita 4,000 zuwa sama kuma bishiya ta ƙare, sai guntayen itatuwa da kashin shanun dutse. Ko dai a hau da itace a ka, ko a riƙa aika kaya ƙasa. Ga matsattsaku a dazukan kwari, ga ciwon kai da amai a sama. Amma waɗannan mutum suke ci, danshi kuwa aikin yake ci.

Wasu tsirran ba sa bin ƙa'ida. Masu kauri da ruwa, da masu albasa a gindi, ba sa mutuwa cikin matsi. Sai su ci gaba da tsiro, su zubar da ganye. Irin waɗannan ana tsoma su a tafasasshen ruwa na ɗan lokaci, ko a tsaga su biyu, kafin a matse. Akwai wani tsiro mai suna Rheum nobile da Hooker ya gani a saman dutse, ya fi mita ɗaya tsawo, ganyayensa farare-farare sun lulluɓe furen kamar hasumiya don kare shi daga sanyi da ruwa. Ba ya shiga falle ɗaya. Sai a yanka ganyen gindi, da na tsakiya, da reshen fure, a ba su lamba ɗaya, a rubuta tsawon tsiron gaba ɗaya, in ba haka ba mai duba shi daga baya ba zai san girmansa ba. Dangin Rhododendron kuma, itatuwa masu fure da suka ɗaga sunan Hooker, ana rarrabe su da abin da ke bayan ganye: gashi ne, ko ƙananan ɓawo, da launinsa. Wanda ya manna duka ganyen fuska sama ya rufe shaidar da ake nema. Ko da yaushe a juya ɗaya ko biyu.

Launi ba ya zama. Ja yakan koma ruwan ƙasa, shuɗi ya kode. Shi ya sa Hooker ke zana furen yana ɗanye, a Landan kuma mai zane Walter Fitch ya mayar da zanen hotunan littafi. A wurin ake rubuta launi da ƙamshi da tsawo, da fensir, don tawada tana gudu in ta jiƙe. Daga baya aka samu dabarar da ake jingina wa Georg Schweinfurth, masanin tsirrai Bajamushe: a jiƙa tarin da sifirit, a rufe a gwangwani, a shanya in an sauko gari. Tana hana ruɓa, amma tana wanke launi, kuma a yau an san tana lalata ƙwayoyin halittar da ake bincike da su.

Neman iri wani aiki ne daban, mai bukatar zuwa biyu. Da fure ake gane tsiro, amma irinsa ba ya nuna sai kaka, wajen Oktoba da Nuwamba, lokacin da fure ya zube, dangi goma sun zama kamar ɗaya, dusar ƙanƙara kuma ta fara rufe hanya. Sai an yi wa tsiron alama da damina, an rubuta inda yake, a dawo. Lambar da ke kan busasshen reshe ita ce za ta hau kan ƙunshin iri. Irin Rhododendron kamar ƙura yake. A ɗebi kwanson kafin ya fashe, a bar shi ya buɗe cikin takarda, kada a rufe shi a kwalba da sauran danshi. Iri ya fi ɗanyen tsiro jure tafiya nesa ba kusa ba. A duwatsun Khasi, a 1850, Hooker da abokinsa Thomas Thomson sun tara kayan mutum bakwai na wani fure mai shuɗi, Vanda coerulea, kaɗan ne suka isa Ingila da rai.

Tsayin wuri kuwa, ban da ma'aunin nauyin iska mai saurin fashewa, da tukunya ake auna shi. Ruwa yana tafasa a digiri 100 a bakin teku, yana raguwa da kusan digiri ɗaya a duk mita 300 da aka hau. A mita 4,000 yana tafasa wajen digiri 87. Kuskuren rabin digiri a karatu ya zama mita 150, canjin yanayi ma yana motsa lissafin. Don haka adadin da ke kan tsofaffin takardu ƙiyasi ne, kada a ɗora shi kan taswira kamar na na'urar yau.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan. Bayan duk wahalar nan, kwafin da aka rarraba wa ƙasashe daga kayan Hooker da Thomson sun fita da bugaggiyar takarda mai ɗauke da sunan yanki, misali Sikkim, da tazarar tsayi a ƙafa. Galibi ba sunan kwari, ba kwanan wata, ba lambar da ta keɓe ɗiba ɗaya daga wata. Har yau masana na fama wajen tantance wane falle ne ainihin wanda aka raɗa wa suna. Gwada da George Forrest, ɗan Sikotilan da ya yi tafiya bakwai a Yunnan ta ƙasar Sin daga 1904 har ya rasu can a 1932: samfuransa kimanin 31,000 suna da lamba a jere, da watan da aka tsinko, da tsayi, da launin fure, da irin wurin da tsiron ke fitowa. Da lambar kaɗai za a iya haɗa bishiyar da ke lambun Edinbara da busasshen reshenta.

Sai dai takardun biyu sun haɗu a giɓi ɗaya. Mutanen Lepcha, 'yan asalin Sikkim, ne suka hau bishiya da ƙwanƙolin dutse suka tsinko wa Hooker, shi kansa ya yaba musu, amma sunayen da furannin suka samu na Turawa ne: matar Dalhousie, Gwamna-Janar na Indiya, da Thomson, da Hodgson, da Falconer. Yawancin kayan Forrest ma mutanen Naxi na Yunnan ne suka tara, ƙarƙashin Zhao Chengzhang, wani lokaci a kwarin da Forrest bai taka ba. Wannan rashin adalci ne, kuma asarar ilimi ce, domin wanda ya tsinko shi ya san wurin, da sunan tsiron a harshensa, da abin da ake yi da shi. Likitan nan J. M. Dalziel da ya yi aiki a Arewacin Nijeriya ya kula da wannan ɓangaren, har ya fitar da ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, kuma har gobe ana komawa gare shi.

Batun izini ma ba ƙarami ba ne. Hukumomin Sikkim ba su yarda da tsallaka iyakar Tibet ba, aka tsallaka. A Nuwamban 1849 suka kama Hooker da Archibald Campbell, jami'in Ingila a Darjiling, suka tsare su makonni. Bayan an sake su, Ingila ta ƙwace wani yanki na kudancin Sikkim, ta kuma dakatar da kuɗin da take biyan sarkin duk shekara. Tun yarjejeniyar ƙasashen duniya ta 1992 kan halittu, da ta birnin Nagoya na Japan ta 2010, ƙasa ce ke da iko da tsirranta. Ana neman izini a rubuce, a bar kwafi a ɗakin adana na ƙasar, irin wanda ke cibiyar binciken gandun daji a Ibadan.

Mai buɗe tsofaffin fallayen nan ya sa safar hannu. An shafa wa da yawansu gubar makuri don korar ƙwari, takan bar tabo mai toka-toka a takarda, kuma ba ta gushe ba. Yanzu daskarewa ake yi: a ƙulle tarin cikin leda, a sa a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili na kwanaki, a bar shi ya huce cikin ledar kafin a buɗe, don kada raɓa ta sauka a kan ganyen.