Mahudin ƙanƙara na haɗin gida

Jama'a, a jihar Minnesota ta Amurka idan sanyi ya kankama tafki daskarewa yake yi, har mutane su hau kai su huda rami su jefa fatsa. Wahalar tana wajen hudar. Mahudi na hannu yana cinye kafaɗa, mai fetur kuma ga nauyi, ga hayaƙi, ga gardamar tashi da asuba.

Shi ya sa bana na haɗa nawa. Na cire mariƙin mahudin hannu mai faɗin inci 6, na sa guntun ƙarfe da ya haɗa shi da bakin injin huda katako mai batir, mai ƙarfin lantarki volt 18. Inci 8 ya fi daɗin fito da babban kifi, amma ƙanƙarar da zai ci ta kusa ninka ta inci 6, batir ba ya jurewa.

Abin da ya fi burge ni faifan katako ne da na maƙala a sama, wanda ya fi ramin faɗi. Ko bakin injin ya saki, mahudin ba zai zarce ƙasan ruwa ba. A giya ta ɗaya nake aiki, da mariƙin gefe, don idan wuƙar ta cije sai injin ya murɗe maka wuyan hannu. Batir kuwa cikin riga yake zama, sanyi na kashe masa ƙarfi.

A tafkin Mille Lacs na gwada shi. Hukumar albarkatun jihar ta ce kada a taka sai sabuwar ƙanƙara garau ta kai inci 4, don haka ina tafe ina hudawa ina aunawa.