Tsofaffin allunan gidan mai: wanne ne zai riƙe kuɗinsa, wanne ne zai koma hannun 'yan gwangwan?

Duk wanda ya san ni ya san ina da wata ɗabi'a da mutane ke min dariya a kanta, wato zama da daddare ina bin gwanjon tsofaffin kayan gidan mai na Amurka a intanet, allunan talla da famfunan mai da gwangwanayen baƙin mai da taswirorin hanya, alhali ba wani saye nake ba, yawanci kallo ne kawai da rubuta farashin da aka sallama a wani ɗan littafi. Turawa har suna suka yi wa harkar, suna ce mata petroliana. To shekarun da na yi ina wannan bin diddigi sun sa na fara ganin wani abu da masu tallar kayan ba sa son faɗa, shi ya sa na ce bari dai in rubuta.

A watan Agustan 2022 wani gidan gwanjo mai suna Richmond Auctions da ke Greenville a jihar South Carolina ya sayar da allon Musgo Gasoline guda ɗaya tal a kan dala miliyan 1.5. Allo ne zagayayye mai faɗin inci 48, da zane gaba da baya, hoton kan wani basaraken Indiyawan Amurka da hularsa ta gashin tsuntsu. Kamfanin da ya yi shi ƙaramin kamfani ne a Muskegon ta jihar Michigan a shekarun 1920 kuma bai wani daɗe ba ya rufe, sannan abin dariyar, da yawa daga cikin allunansa murfin ramin masai aka yi da su, shi ya sa yawancin waɗanda ake samu gefe ɗaya ya riga ya lalace. Wannan da aka sayar shi bai taɓa shiga ƙasa ba, fes yake. Tun daga ranar duk wanda ya tsinci wani ƙarfe mai tsatsa a garejin kakansa sai ya ɗauka ya yi arziki, wallahi har tausayi suke ba ni wani lokacin idan na ga farashin da suke sawa a kasuwar intanet ta eBay.

Abin da ya kamata a gane shi ne kasuwar nan ta rabu gida biyu, kuma kullum tazarar ƙara faɗi take. A sama akwai 'yan kayayyaki ƙalilan da manyan masu kuɗi ke kokawa a kansu a gidajen gwanjo irin su Morphy a Pennsylvania, da Mecum, da Barrett-Jackson da ke taronsa a Scottsdale ta Arizona. A ƙasa kuma akwai tulin kaya na gama-gari da aka buga dubbai, waɗanda farashinsu ke tafiyar hawainiya, wasu ma idan ka cire hauhawar farashi baya suka yi. Mutum zai ji labarin na sama sai ya je ya zuba kuɗinsa a na ƙasa.

Me ke kai kaya sama? Ni a ganina abu uku ne kuma sai sun haɗu. Na farko ƙaranci na gaske. Allunan nan masu ƙyalli garin gilashi ne ake barbaɗawa a kan farantin ƙarfe a gasa a wuta mai tsananin zafi, kowace kala da nata gashin, shi ya sa kalarsu ba ta cika koɗewa ba ko da sun yi shekaru masu yawa a rana. An yi su da yawa kam, amma lokacin yaƙin duniya na biyu Amurka ta yi gangamin tattara ƙarafa aka narkar da masu ɗimbin yawa, wasu yara suka mai da su abin gwada harbi da bindiga, wasu aka toshe ɓarakar rufin rumbu da su, sannan duk sanda wani kamfani ya haɗiye wani sai a sauke tsofaffin alluna a zubar. Ku duba fa, a 1911 kotu ta farfasa Standard Oil zuwa kamfanoni 34, daga baya kuma aka yi ta haɗewa, Esso ya koma Exxon a Amurka a 1972, Chevron ya haɗiye Gulf a tsakiyar shekarun 1980, Exxon da Mobil suka haɗe a 1999, Texaco ya shige Chevron a 2001. Manyan nan sun bar alluna da yawa a baya domin gidajen mansu sun cika ƙasar. Ƙananan kamfanonin yanki kuwa irin su Gilmore mai tambarin zaki da Polly mai tambarin aku, duka na California, nasu kaɗan ne tun asali.

Na biyu zane. Allon da rubutu ne zalla ba ya taɓa kamo mai hoton dabba ko jirgin sama ko mutum. Jan dokin Mobil mai fukafukai, da dinoso ɗin Sinclair (wata ƙatuwar dabbar zamanin da), da akun Polly, ko wanda bai san tarihin komai ba zai tsaya ya kalla.

Na uku shi ne lafiyar kayan, kuma a nan ne nake so in ɗan daɗe don a nan mutane suka fi asara. Ana ba allo maki daga 1 zuwa 10. Wanda bai shiga harkar ba zai ɗauka bambancin mai maki 7 da mai maki 9 ɗan kaɗan ne, a'a, sau da yawa ninki ne ake magana ba ƙari ba, domin masu 7 suna nan birjik amma masu 9 ana iya ƙirga su. Kuma ba yawan ɓantarewar ake dubawa kawai ba, har da wurin da ta faɗa, ɓantarewa a bakin ramin ƙusa ba ta cika damun kowa ba amma a tsakiyar fuskar zane, shi kenan an kashe allon. Gyara kuma, wato a cike wurin da ya ɓantare a shafa kala, yana sa allo ya yi kyau a bango amma manyan masu saye ba sa biyan kuɗin asali a kansa, akwai ma masu zuwa da ƙaramar tocila mai shuɗin haske suna haska allo don wurin da aka yi wa kwaskwarima yana nuna kansa. Abin mamaki famfon mai shi akasin haka ne, an fi yarda a yi masa sabon fenti a mai da shi kamar yau ya fito daga masana'anta, ko da yake yanzu akwai masu neman wanda aka bari da tsatsarsa.

Tunda na ambaci famfo, su ma suna da nasu matakin. Akwai dogayen nan na shekarun 1920 masu tulun gilashi a sama mai cin galan 5 ko 10, ana buga mai da hannu ya hau tulun mai mota ya gani da idonsa kafin a sauke masa a tanki, sai masu fuskar agogo, sai na shekarun 1930 da suka fara lissafa kuɗi da kansu irin Wayne 60. Sunayen da za ka yi ta ji su ne Wayne da Tokheim da Bowser, duka daga garin Fort Wayne na Indiana, sai Gilbert & Barker. Matsalar famfo ɗaya ce, nauyi da cin wuri. Kuɗin ɗauko shi daga wata jiha zuwa wata kaɗai ya isa ya cinye ribar. Shi ya sa nake ganin ƙwallon gilashin da ake ɗorawa a kansa mai fitila a ciki ya fi shi makoma, ga shi yana zama a kan kanta, ga shi kuma gilashi ne, kowace shekara sai wani ya suɓuce ya fashe, adadinsu raguwa kawai yake.

Ni ma na taɓa cin tawa asarar, ba zan ɓoye ba. Wani ɗan ƙaramin allo na gani a hannun wani mai sayarwa a intanet, farashin ya yi sauƙi har ya yi yawa, zuciyata ta ce kama kawai, ashe kallon kitse na yi wa rogo. Da ya iso sai na ga tsatsar duk iri ɗaya ce a kusurwa huɗu kamar da awo aka yi ta, ramukan ƙusa ba alamar an taɓa ɗaura su a jikin komai, bayan allon kuma ya yi wani tsaftar da bai kamata tsohon ƙarfe ya yi ba. Araha dai ba ta ado. Jabun nan yanzu sun cika kasuwa, ana yin su da gilashin gaske a gasa su sannan a tsufar da su da sinadari, wasu ma zane ne da kamfanin bai taɓa bugawa ba sam. Masu ido suna duba girman allon ko ya dace da wanda aka sani, da tudun da ke tsakanin kala da kala idan ka shafa da yatsa, da tambarin masana'anta irin Ingram-Richardson na Beaver Falls, da ƙananan lambobin wata da shekara da Texaco ke sawa a ƙasan yawancin allunansa. Kuma jabu ba mai saye kaɗai yake cuta ba, yana karya farashin tsakiyar kasuwa gaba ɗaya, domin sabon shiga idan aka ƙone shi sau ɗaya ba ya dawowa, manyan kuma sai su koma sayen abin da ke da takardar tantancewa da tarihin hannun da ya bi kawai.

To ina aka dosa? An samu tashi biyu da na gani. Ɗaya bayan 2010 da shirin talabijin na American Pickers, na masu yawon sayen tsofaffin kaya, ya fara, kowa ya gane cewa tarkacen rumbu kuɗi ne. Na biyu lokacin korona a 2020 da 2021, mutane na kulle a gida ga kuɗi a hannu ga gwanjo ya koma waya. Irin wannan zazzaɓin ba ya dawwama, ya kuma lafa. A 2026 shahararriyar hanyar motar Amurka nan Route 66 ke cika shekara 100 tunda a 1926 aka buɗe ta, kuma ina zaton duk abin da ke da alaƙa da ita zai ɗan motsa, amma motsin biki ne.

Abin da ya fi damuna shi ne shekarun masu sayen. Ka kalli hotunan taron masu tara waɗannan kaya mai suna Iowa Gas da ake yi duk shekara a Des Moines, furfura ce ta fi yawa. Yawancinsu 'yan zamanin da aka haifa tsakanin 1946 da 1964 ne, sun tashi lokacin da ma'aikacin gidan mai zai fito da kakinsa ya goge maka gilashi ya duba maka baƙin mai ya miƙo maka taswira kyauta, kafin rikicin mai na 1973 ya zo ya kashe wannan karamcin. Su ƙuruciyarsu suke saye. Yaron da aka haifa a 2005 wanda ƙila motarsa ta farko ma ta lantarki ce, wace ƙuruciya zai tuna idan ya ga gwangwanin baƙin mai? Kuma mutanen nan suna tsufa, magada suna kwaso tarin kayan shekara 40 su zube a gwanjo rana ɗaya, kaya na ƙaruwa masu saye na raguwa. Haka ta faru da masu tara kan sarki, haka ta faru da tsofaffin kujeru da kabad na katako.

Hasashena, kuma hasashe ne nawa ba wahayi ba, kayan da begen da ne kaɗai ke riƙe da su za su sauka a hankali, wato gwangwanaye na gama-gari, da taswirorin shekarun 1960, da allunan rubutu zalla, da duk abin da aka yi wa gyara da yawa. Waɗanda kuma za su iya tsayawa da ƙafarsu a matsayin zane, masu kala da hoto da lafiya da tarihi tabbatacce, su za su fita daga hannun masu son mota su shiga hannun masu tara kayan fasaha da masu ƙawata otal da gidan abinci, kuma ƙila ma ƙarewar zamanin fetur ta ƙara musu daraja, kamar yadda ɗan farantin nan mai gargaɗin cewa man na ɗauke da dalma ya zama abin tarihi bayan Amurka ta haramta irin wannan man a motoci a 1996.

Sai dai wanda zai shiga don riba ya yi lissafin la'ada tukuna. Gidan gwanjo na ɗora wa mai saye wajen kashi 20 cikin 100 a kan farashin da aka buga guduma, ranar da ka zo sayarwa kuma su yanki nasu a wurinka, ga kuɗin dako ga inshora, wato sai kaya ya tashi sosai kafin ma ka mai da uwar kuɗinka. Jabun allon nawa kuwa yana nan a bango na rataye shi, duk wanda ya tambaya ina gaya masa gaskiya, kuma na buɗe masa shafi a littafin nan nawa na rubuta farashin da na biya, a gefe na ja layi biyu.