Kafin ka zauna haɗa manhaja, wa zai biya?

Yanzu duk matashin da ya ɗan iya kwamfuta a Kano sai ka ji yana da manhajar da zai haɗa, wannan ta kai abinci gida, wancan ta kiran adaidaita sahu, wani kuma ta rubuta wa 'yan kasuwa bashi. Ba laifi ba ne fa, amma in ka ce masa wa ya ce maka yana so, sai ya ce ai na gaya wa abokai da 'yan uwa duk sun ce Masha Allah. To ai mu nan kunya ba za ta bar mutum ya kalli idonka ya ce abin nan naka ba shi da amfani ba, sai dai ya ce Allah ya sa albarka, kai kuma ka tafi kana ta murna.

Ni dai na fi yarda mutum ya shiga kasuwa ya zauna. Je Kwari ko Singa, ka samu benci a shagon wani Alhaji, ka ga yadda yaran shago ke rubuta bashi a littafi, yadda ake tura hoton rasit ta WhatsApp, yadda ake tsayawa jiran alat kafin a saki kaya. Kuma don Allah kar ka ce "Alhaji in na yi manhaja za ka saya?" Ce masa "Ranka ya daɗe, yaushe rabon da kuɗinka su maƙale a hannun wani, nawa ne, ya ka yi?" In ya kasa tuna ko sau ɗaya, abin bai dame shi ba, ka ƙara gaba.

A 1999 wani Ba'amurke, Nick Swinmurn, wanda ya kafa Zappos, kamfanin sayar da takalma ta intanet, shagunan takalma yake bi yana ɗaukar hoto yana sawa a intanet, sai wani ya yi oda sannan ya koma ya sayo ya aika. Wallahi abin da matan nan masu atamfa da leshi ke yi kenan a sitatus ɗin WhatsApp, hoto daga Kwari, alat ya shigo, sannan a sayo kaya, ba wanda ya koya musu a aji.

Kai ma fara da hannu. In littafin bashi ne, samu shago biyar ka riƙa yi musu lissafin da kanka kana tura wa masu bashi tuni, amma ka karɓi kuɗi ko da kaɗan ne, kafin alƙalami dai, don wanda ya zaro kuɗi daga aljihu ba kara yake maka ba. Na'urar POS ma ba don kyanta ta cika gari ba, wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023 ce ta ƙara tura mutane wajen su OPay da Moniepoint.

Sannan ka lura da wayar da ke hannun mutumin, wani ƙarama ce, data tsada, kuma saƙon murya ya fi masa rubutu sauƙi, to manhajar da sai an cike fom da Turanci a ranar farko zai goge ta.