Ranar da hadari ya kori 'yan fim cikin Gidan Makama

Idan kana kallon finafinanmu na sarauta, da wuya a ce ba ka taɓa ganin gini irin na Gidan Makama ba, ko da ba ka taɓa taka ƙafarka cikin wannan gidan adana kayan tarihi na Kano ba. Katangar ƙasa mai zane, soro mai duhu, fadawa a jere da riguna ja da kore suna ta kirari. Fadar Kano ta gaskiya ga ta nan kusa, amma gida ne da ake zaune a ciki ana sarauta, ba wurin da za ka shiga da janareta da fitilu ka ce kowa ya yi shiru ba. Shi ya sa mai neman fada a kyamara yakan koma ga tsofaffin gidaje irin wannan.

'Yar ƙanwata ce ta matsa mini mu je. Tana aji biyu a ƙaramar sakandare, kuma ba tarihi ne ya dame ta ba, so take ta tsaya a inda jarumai suke tsayawa ta ɗauki hoto. Muka fita wata Asabar cikin watan Agusta, rana ƙwal, wayata kuma ta ce babu ruwa sai cikin dare.

Dattijon da ya zagaya da mu bai yi gaggawa ba. Ya ce an gina gidan ne tun ƙarni na 15 domin Muhammadu Rumfa, lokacin yana riƙe da sarautar Makama, kafin ya hau gadon Kano a 1463. Ya yi mulki har 1499, shi ya gina fadar da har gobe ake kira Gidan Rumfa, a zamaninsa aka kafa kasuwar Kurmi, kuma a zamaninsa Shehu Magili ya sauka a Kano. Da Turawa suka ci garin a 1903, a wannan gida suka fara ajiye ofishinsu. Yarinyar tana ta gyaɗa kai, amma idonta na can tsakar gida inda muke jiyo ƙarar janareta.

Ashe mun yi sa'a, ana ɗaukar fim. Ba wani babban taro ba ne: kyamara ɗaya, yaro riƙe da doguwar sandar ɗaukar sauti, wani riƙe da farin allo yana tare hasken rana yana mayar da shi fuskar wanda aka naɗa wa sarki. Ga doki ɗaya an ɗaura masa kayan hawa, mai shi na tsaye a gefe fuska a murtuke, ka san haya aka ɗauko shi kuma an wuce lokacin da aka yi alkawari. Magana ɗaya sarkin yake maimaitawa, darakta na cewa a sake, mai sauti na ƙorafin ƙarar adaidaita sahu daga titi. Wanda bai taɓa tsayawa a lokeshin ba ba zai yarda da yawan jiran da ke cikin wannan sana'a ba.

Mai dokin ne ya fara ɗaga kai. Bai ce wa kowa uffan ba, sai kawai ya soma kwance kayan adon. Na waiwaya gabas, gari ya yi baƙi ƙirin daga ƙasa har sama. Dama hadarin Kano daga can yake tasowa, kuma iska yake aikowa gaba. Kafin darakta ya gama cewa a ƙara ɗauka ɗaya tak, ƙura ta turnuƙe tsakar gidan, farin allon ya kuɓuce ya bugi katanga, rawanin wani bafade ya warware. Sai yayyafi mai kauri, sai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kowa ya rungumi abin da ya fi tsada ya ruga cikin ɗakunan tarihi, sarki na tattare da alkyabbarsa a hammata.

A nan ne ziyarar ta yi mini daɗi. Ka ga mutum cikin kayan sarauta na fim tsaye a gaban hotunan sarakunan gaske, yana kallonsu suna kallonsa. Dattijon namu ya samu sababbin ɗalibai, bai kuwa yi wasa da damar ba. Ya dubi ɗaya daga cikin fadawan ya ce, "Ɗana, wa ya naɗa maka wannan rawani?" Yaron ya nuna mai kula da kaya. Dattijo ya ce a Kano rawani mai kunne biyu ba na kowa ba ne, na sarki ne da 'ya'yan gidan sarauta, bafade bai isa ya ɗora shi ba. Mai kayan ya yi dariya ya ce, "Baba, 'yan kallo ba sa lura." Dattijo ya ce, "Mutanen cikin gari suna lura."

Ni ina bayan dattijon a wannan magana. Ba na cikin masu cewa a hana 'yan fim shiga irin waɗannan wurare, domin ba don su ba 'yar ƙanwata ba za ta taɓa roƙona in kawo ta ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne a zo a ari katanga a bar abin da ke cikin ɗaki. Taku kaɗan daga inda aka kafa kyamara akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, akwai kayan yaƙi da na kiɗa, akwai ɗakin amarya da aka jera yadda iyayenmu suke jere. Tarihin Kano ya danganta kakaki da figini, wato mafificin sarki, da takalmin gashin jimina ga zamanin Rumfa. Duk wanda zai yi fim ɗin sarauta, awa ɗaya a cikin ɗakunan nan kafin ya ɗinka kaya za ta raba shi da abin kunya mai yawa.

Da hirar ta lafa sai na koma bakin ƙofa ina kallon yadda ginin yake karɓar ruwa. Indararo na ta feso shi nesa da jikin bango, wanda shi ne aikinsa, don ruwan da ya bi jikin ginin ƙasa ko ya kwanta a gindinsa shi ke cin sa. A ciki kuwa sanyi, ba ka jin rugugin da kwano ke yi, sai wani sauti mai taushi a kan rufin ƙasa da azara. Gidan tubali ba a gama gina shi. Kowace damina tana ɗebe wani abu, kowane rani sai magina sun dawo da yaɓe da makuba. Dubi ganuwa, wadda aka soma tun zamanin Sarki Gijimasu: inda aka daina kula da ita, ruwa da masu ɗibar ƙasa da masu gini sun mayar da ita tudu. Wannan gida ya kai yau ne saboda ba a daina shafa masa hannu ba.

Yarinyar ta ja hannun rigata ta ce, "Kawu, to in ruwan ya tsaya za su ci gaba?" Na ce mu jira mu gani.

Ruwan ya ɗauke kafin la'asar, rana ta sake fitowa tas. Amma ba su ci gaba ba. Katangar da suka ɗauka da safe ja ce mai haske, yanzu ta jiƙe ta yi duhu, tsakar gida kuma duk taɓo. In aka haɗa hoton safe da na yamma, sarki zai fara magana a rani ya ƙarasa ta a damina. Darakta ya ce sai bango ya bushe, furodusa ya koma gefe yana lissafin kuɗin kyamara da abinci da doki a tafin hannunsa, mai doki ya ce gobe yana da hawan biki a wata unguwa, sai dai jibi.

Ta dai samu hotonta, ita da sarkin fim ɗin, ya cire rawani yana shan ruwan leda. Muka fito muka tarar titi ya cika da ruwa har idon sawu, mai adaidaita ya ce kuɗin mota ya ƙaru tunda sai ya zagaya, muka yi ciniki muka hau.