Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Kat ɗin da aka ce irin na Senna ne

Makon jiya na tsaya a inda na bar masana'antar narka ƙarfe na koma garejin wani dattijo a bayan garin Brescia, arewacin Italiya. Aikinsa ɗaya ne, gyaran tsofaffin ƙananan motocin tsere da ake kira kat. Mota ce ba rufi ba ƙofa, firam ne na bututun ƙarfe da taya huɗu, direba na zaune dab da kwalta. A wannan yanki ba abin wasan yara ba ne. Kamfanin Tony Kart a nan Antonio Bosio ya kafa shi a 1958, ga filin tsere na Lonato kusa da tafkin Garda.

Da farko shara da wanke ƙarafa da fetur ne nawa. Dattijon ba mai yawan magana ba ne, amma in aka kawo tsohon kat sai bakinsa ya buɗe. Daga gare shi na ji cewa a Amurka abin ya fara, a 1956, lokacin da Art Ingels ya haɗa na farko a Kalifoniya da injin yankan ciyawa. A 1959 kamfanin McCulloch ya fito da MC-10, wanda asalinsa injin zarton yankan itace ne. Irin waɗannan na farko injinsu a bayan kujera yake. Daga baya ne aka dawo da shi gefen direba, don haka wurin zaman inji kaɗai ya isa ya raba maka na farkon zamani da na bayansa.

Wata ranar Asabar wani mutum ya zo da kat a bayan motarsa, yana ta washe baki. Ya ce DAP ne na 1979, irin wanda Ayrton Senna, shahararren direban tseren mota ɗan Brazil, ya yi tsere da shi. Mai wannan sana'a ya san abin da sunan ke yi wa farashi. Senna ya tuƙa wa DAP, kamfanin Angelo Parrilla na Milan, ya zo na biyu a gasar duniya a 1979 da 1980, bai taɓa cin kofin ba. Shi ya sa duk tsohon DAP da ya shigo kasuwa sai an jingina shi da shi.

Kat ɗin ya sha fenti, sitika sabuwa fil, sai sheƙi yake. Dattijon ko kallon fentin bai yi ba. Ya ce da ni, "Yaro, kifa min shi." Na kifa. Ya miƙo min ma'auni ya ce in auna kaurin sandar da ke haɗa tayoyin baya.

Milimita 40 na gani.

Nan ya tsuguna ya yi min karatu, mai kat na tsaye a kanmu. A shekarun 1960 da na 1970 sandar siririya ce, milimita 25, daga baya ta koma 30. Da tayoyi masu faɗi da kama ƙasa suka shigo a ƙarshen shekarun 1970, irin na Bridgestone, sai firam ya riƙa shan wahala a kwana, masu ƙira suka yi ta ƙara kauri har 40, yau kuma 50 ake yayi. Mai kat ya ce ai ana iya canza sanda. Dattijon ya ce gaskiya ne, amma mazaunin boris fa? Walda aka yi masa a jikin firam tun daga masana'anta, kuma na sanda mai kauri ne. Ya sa na goge fenti da samfefa a gefen firam, tsakanin tayar gaba da ta baya. Sai ga tabon ƙarfe inda aka yanke wasu 'yan kunnuwa aka daddale wurin. Kunnuwan ɗaura robar kariya ta gefe ne, alhali a 1979 kat tsirara yake fita tsere, robar sai wajen ƙarshen shekarun 1980 ta zama ruwan dare. Inda ya kamata a ga lambar firam ma an shafe shi tas.

Ni dai abin ya tuna min da yadda mahaifina ke buɗe bakin bijimi a kara, ba ya sauraron rantsuwar dillali sai ya ga haƙori.

Injin kuwa bai yi ƙarya ba. DAP T70 ne na ainihi, mai cc 100, iska ke sanyaya shi, babu lagireto, babu giya, sarƙa ce kawai daga inji zuwa sanda, sai an tura shi da gudu yake tashi. Dattijon ya daɗe yana shafa shi. A ganina wannan ne ya fi wahala a sana'ar. Kat na tsere ba ya tsufa da kayansa na asali, kowace kakar tsere ana sauya inji, kujera, sitiyari da birki. Wanda ya dogara da inji kaɗai zai iya kuskuren shekara goma. Firam da waldarsa su ne asali, sauran duk baƙi ne.

Hukuncin dattijon shi ne firam na wajen 1990, inji na ƙarshen shekarun 1970. Mutumin ya yi jugum, sannan ya tambayi nawa za a sayi injin shi kaɗai. Suka yi ciniki, ya bar mana firam ɗin kyauta don haushi, ya ce kada ya sake ganinsa.

Da yamma muna rufe gareji dattijon ya nuna firam ɗin da ƙafa ya ce, "Naka ne. In ka gano wanda ya ƙera shi ba tare da ka tambaye ni ba, zan ba ka inji ka ɗora." Yadda na yi ta jigilar hotunan waldarsa zuwa Lonato, da tsohon makaniken da ya gane shi daga lanƙwasar bututun gaba, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.