Kwana huɗu a kan kalma ɗaya: na samu mafita ga "sugar bush"

'Yan'uwa masu koyon fassara, yau dai na numfasa. Gajeren bidiyon nan na manoman Kanada da na ɗauka zan sa wa rubutun Hausa a ƙasa, na ce zan gama shi cikin mako guda. Yau kwana goma sha ɗaya, ina minti na shida. Huɗu daga cikin kwanakin nan kalma ɗaya ce ta cinye su.

Dattijon da ke cikin bidiyon yana tsaye cikin ƙanƙara yana cewa kakansa ne ya fara aiki a wannan "sugar bush". Ban yi wata-wata ba na rubuta "dajin sukari". Da na karanta wa Inna, sai ta dube ni ta ce, "Yaushe sukari ya fara tsiro a daji?" Na mayar da shi "gonar rake", na sake kunna bidiyon, ko kara ɗaya babu, sai dogayen itatuwa da siraran bututan roba shuɗɗa an ɗaura daga wannan zuwa wancan. Kunya ta kama ni. Da na nemi hoto kuma sai ga wata fure ta Afirka ta Kudu, ashe ita ma sunan da ake kiranta ke nan. Rabin yini ya tafi a kanta a banza.

Abin da kalmar ke nufi a lardin Ontariyo na Kanada da jihar Vermont ta Amurka shi ne wurin da itatuwan meful suka taru, itacen da ganyensa ke jikin tutar Kanada, kuma ake huda su ana tarar ruwansu. A Turancin can "bush" yanki ne na itatuwa, ko da a bayan gonar mutum yake, ba ƙungurmin daji ba. Ruwan yana zuba ne daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da dare ke daskarewa rana kuma ta narke. Zaƙinsa kaɗan ne, sukarin kusan kashi 2 cikin 100 ne, sai an dafa kusan lita 40 kafin a samu lita 1 mai kauri wanda sukarinsa ya kai kashi 66. Da na ji haka sai masu dafa mazarƙwaila suka faɗo min a rai, da manyan kaskonsu da hayaƙi.

Amma ni da ban taɓa ɗanɗana abin ba, ta yaya zan sa masa suna? Na je wani babban kanti na sayi 'yar kwalba da ba ta kai kofin shayi biyu ba, naira dubu goma sha tara. Har yanzu idan na tuna sai cikina ya juya. Na zuba a cokali, ya fi zuma tsinkewa, launinsa ja-ja-ja, da ɗan ƙamshin abin da ya sha wuta. Inna ta lasa ta ce, "Ai maɗi ne." Shi ke nan. Kwana biyu ina juya "zuma" da "ruwan sukari", alhali zuma ta ƙudan zuma ce, ga kalmarmu a ajiye tun zamanin maɗin ɗinya.

Saura wurin. A nan na fi shan wuya. "Daji" ba shi da mai shi, wannan kuwa gadon gida ne, ana rage masa itatuwa domin sauran su yi rassa. "Kurmi" ya burge ni har na rubuta, sai na ga duk Bahaushen da ya ji kurmi kudu zai hango, da zafi da ruwan sama, ga mutum kuma tsaye cikin ƙanƙara. "Lambu" da "garka" shuka ake yi a yi ban-ruwa, waɗannan itatuwa kuwa galibi da kansu suka fito, sai sun kai shekara 40 ko kusa da haka ake fara huda su. Masu Faransanci na lardin Kwibek a Kanada, inda ake yin mafi yawan maɗin a duniya, "érablière" suke cewa, sunan itacen suka bi. Shi kuwa Turancin, sukarin da ake samu ya bi. Na ga na biyun ya fi dacewa da bakin dattijon, don aikin yake magana a kai.

Daren jiya "gandun daji" ya zo min, dajin da ake tsaro ana kula da shi. Gandu kuma tun asali na gida ne, uba da 'ya'ya ke aiki a ciki. Sai na rubuta "gandun maɗi", na karanta layin da ƙarfi: "Kakana ne ya fara aiki a wannan gandun maɗi." Wallahi ya zauna daram, kuma ya shiga layi ɗaya bai zubo ba. A farkon fitowarsa na ƙara "na itatuwan meful", bayan nan na bar shi haka.

Na san wani zai ce maɗi ɗinya yake tunawa da ita. Na yarda, amma a kawo min wadda ta fi. A minti na bakwai dattijon ya shiga "sugar shack", ɗakin katakon da ake dahuwar, kuma a Kwibek har abinci ake sayar wa baƙi a irinsa. Na rubuta "bukka" na goge sau uku.